Yaro Ɗan Aiken Kowa, Shi Kuma Wa Zai Kai Nasa Saƙon?

Yau filin namu zai yi magana ne a kan wani al'amari da ƙasashen duniya suka daɗe suna shawara a kansa, watau layin tarho na taimakon yara. Wata za ta ce, mu da muke cikin lungunan birnin Kano, ina ruwanmu da shawarar ƙasashen duniya? To, ku biyo mu sannu a hankali, za ku ga maganar ta iso har tsakar gidanmu.

Kowa ya san matsayin yaro a cikin birni. Mace tana cikin gida ba ta fita, amma cinikinta yana zagaya unguwa. Wa ke ɗaukar farantin ƙosai da safe? Wa ke kai alkaki da dubulan gidan biki? Wa ke zuwa Kasuwar Kurmi sayen zare da turare, ya kai zubin adashi, ya kai gaisuwar mai jego? Yaro ne. Shi kaɗai ne yake shiga kowane gida ba a tare shi a zaure. Wata Ba'amurkiya mai nazarin zaman jama'a, Enid Schildkrout, ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a ƙarshen shekarun 1970, ta kuma nuna cewa sana'ar matan kulle a kan yara ta dogara, domin su ne ƙafarsu, su ne bakinsu a waje. Ba ta faɗi abin da ba mu sani ba. Yau wayar hannu ta rage wa yara wasu aike-aiken, amma tallan yana nan, aiken kasuwa yana nan.

To, ga tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami. Yaron nan da yake kai saƙon kowa, ranar da shi yake da saƙo, wa zai kai masa? Yarinyar da wani magidanci ya kira cikin soro da sunan zai saye tallan duka, ko 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye ake ƙona ta da ludayi mai zafi, ko maraya da ake hana shi abinci kwana da kwanaki, ko almajirin da gardi ya farfasa wa baya, ina za su dosa?

Kada mu ɗauka abin kaɗan ne. Cikin 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ta yi bincike a duk faɗin Nijeriya. Aka sami cewa yara shida cikin kowane goma sun gamu da wani irin zalunci kafin su kai shekara 18. Yaro ɗaya cikin biyu ya sha mugun duka ko makamancinsa. Yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro namiji ɗaya cikin goma, an yi musu lalata ko an nemi yi musu. Mafi yawan masu aikata abin ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne. Abin da ya fi ba da tausayi shi ne, waɗanda suka sami wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sauran sun haɗiye abin, sun girma da shi.

Me ya sa suke shiru? Mu iyaye mata mun fi kowa sanin amsa. Mu ne muke koya wa yaro kunya da kawaici, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma mugu ya san da haka, da ita yake fakewa. Ya san yarinyar ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa uwarta irin wannan magana ba, balle in 'yar fari ce, wadda uwar ko sunanta ba ta kira. Ya san in ta faɗa, abu na farko da za ta ji shi ne, "Me ya kai ki?" Ya san in maganar ta fito, dangi za su taru su ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa mijin aure, don kada zumunci ya ɓaci. Sai a rufa wa azzalumi asiri, a bar yarinya da ciwo, shi kuwa ya koma kan 'yar maƙwabta. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Yadda abin ya faro

Wannan shiru ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaran da suke gamuwa da zalunci a shekara guda suna iya kai biliyan ɗaya, watau kusan rabin yaran duniya. Shi ya sa mutane a ƙasashe dabam-dabam suka yi tunanin buɗe wa yaro wata ƙofa wadda ba sai ya dubi idon kowa ba.

A ƙasar Holan an buɗe tarhon yara tun 1979. A Ingila kuwa, wata mai gabatar da shiri a talabijin na BBC, Esther Rantzen, ita ta jagoranci kafa layin da ake kira Childline cikin watan Oktoba 1986. A daren farko kaɗai an yi ƙoƙarin buga waya wajen sau 50,000. Mutanen Ingila suka riƙe baki, domin ba su taɓa zaton yaran da ke da abin faɗa sun kai haka ba.

Labarin Indiya ya fi kama da namu, gama can ma akwai talauci, da cinkoso, da yara masu kwana a titi. Wata malamar jami'a mai suna Jeroo Billimoria ta saba ba yaran tashar jirgin ƙasa na birnin Mumbai lambar tarhon gidanta, sai ga shi suna buga mata da tsakar dare, wannan ba shi da lafiya, wancan an kama shi. Ta ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Cikin 1996 aka buɗe layi na kyauta mai lamba 1098. Yaran suka haddace ta da sauƙi don kamar ƙirga ce da baya: goma, tara, takwas. Daga birni ɗaya abin ya bazu cikin ƙasar, har a 2023 gwamnatin Indiya ta shiga haɗa shi da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Ita dai wannan baiwar Allah ce ta kafa ƙungiyar Child Helpline International a birnin Amsterdam cikin 2003, wadda ta haɗa irin waɗannan layuka na ƙasashe sama da 130, suna koyo da juna, suna kuma tara alƙaluman abin da yara suke kuka da shi.

Su ma gwamnatoci ba a bar su a baya ba, aƙalla a kan takarda. Ran 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita cikin 1991. Sashe na 19 ya ɗora wa hukuma nauyin kare yaro daga kowane irin zalunci, sashe na 12 kuwa ya ba yaro haƙƙin a saurare shi a kan abin da ya shafe shi. Cikin 2006 Majalisar ta karɓi rahoton wani babban bincike da Farfesa Paulo Pinheiro ɗan ƙasar Barazil ya jagoranta, wanda a cikin shawarwarinsa akwai cewa kowace ƙasa ta samar da hanyar kai kuka mai sauƙi, mai sirri, wadda yaro zai iya bi da kansa, har da layin tarho. Ƙasashen Turai suka ware lamba ɗaya, 116111. A Afirka kuwa lambar 116 ce ta yaɗu: ana amfani da ita a Kenya, da Yuganda, da Tanzaniya, da Zimbabuwe, da Afirka ta Kudu, da Burkina Faso, da Sanagal. Cikin 2015 shugabannin duniya suka yi alkawarin kawo ƙarshen zaluntar yara kafin 2030, a watan Nuwamba 2024 kuma ministocin ƙasashe suka taru a Bogota ta ƙasar Kwalambiya suka sabunta alkawari.

Taro dai an yi, takardu an sa hannu. Amma yarinyar da ke kuka a bayan ɗaki a Yakasai ko Mandawari ba ta san Bogota ba. Duk cikin abubuwan da aka tsara, layin tarho shi ne wanda ita da kanta za ta iya taɓawa. Darajarsa ke nan.

Yaya yake aiki?

Layin da ya amsa sunansa yana da sharuɗɗa. Lambar gajeriya ce. Kira kyauta ne, ko babu ko kwabo a waya zai shiga. Dare da rana akwai mai ɗauka. Wanda ya ɗauka an horar da shi, ba ya tsawa, ba ya zargi, ba ya tilasta wa yaro faɗin sunansa. Masu aikin sun san cewa yara da yawa sukan buga su yi shiru, ko su yi dariya su kashe, sau biyu sau uku, suna gwada ko za a zage su. Ba a fushi da su, domin sau da yawa mai wasan nan shi ne zai dawo da babbar magana.

In damuwar ƙarama ce, kamar tsoron jarrabawa ko tsangwamar abokai, a kan ba shi shawara a kwantar masa da hankali. In kuwa rai ko mutunci yana cikin haɗari, sai a haɗa shi da ma'aikatan jin daɗin jama'a, ko asibiti, ko 'yan sanda, a kuma bi sawu har a ga abin da aka yi. Sa'an nan ba yara kaɗai suke bugawa ba. A ƙasashen Afirka da dama, manya ne suke yawan kira a madadin yara: maƙwabciya, malamar makaranta, goggo, kaka. Wannan ya kamata ya ja hankalinmu. Matar da ba ta fita, wadda ba za ta iya zuwa ofishin 'yan sanda ba, wadda kuma take tsoron a ce ita ta tona asirin gidan wane, tana iya ceton yaro daga cikin ɗakinta, ba wanda ya ga fitarta.

Mun san abin da wasu za su ce: wannan al'adar Turawa ce, za a koya wa yara kai ƙarar iyayensu, tarbiyya ta lalace. Maganar tana da nauyi, ya kamata a amsa ta. Tarbiyya daban, zalunci daban, kuma babu uwar da ba ta san bambancinsu ba. Tsawatarwa ba ta karya hannu, ba ta barin tabon wuta, ba ta ɗaure yaro a turke. Cikin watan Agusta 2020 an ceto wani yaro ɗan shekara goma a Birnin Kebbi wanda aka ɗaure tare da dabbobi har wajen shekara biyu. Wa zai kira wannan tarbiyya? A nan Kano ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar ba, wadda mai makarantarsu ya sace a watan Disamba 2021 ya kashe ta, har kotu ta yanke masa hukuncin kisa cikin 2022. Ba baƙo ne ya zo daga nesa ba, wanda aka amince wa ne.

Ban da haka ma, ba wa yaro wurin gudu ba baƙon abu ba ne a gare mu. A da, in uba ya ɗauki bulala, yaro ya sheƙa ɗakin kaka ko zauren dattijon maƙwabci, magana ta ƙare. Dattijo ya riƙo hannunsa ya ce, "A bar shi, ya ci albarkacina." In kuwa dukan ya yi yawa, dattijon ya kira uban gefe ya ja masa kunne. Ɗa na kowa ne, haka muka tashi muka tarar. Amma birni ya cika ya tumbatsa, ya wuce badala nesa, gidajen gado an rarraba an zuba 'yan haya, kaka tana Hotoro jika yana Ɗorayi, maƙwabci kuma yana tsoron a ce ya yi shisshigi. Layin tarho ɗakin kaka ne aka sake ginawa da kayan zamani.

Ina muka kwana a Kano?

Ba a ce ba a yi kome ba. Tarayya ta kafa dokar haƙƙin yara cikin 2003, Jihar Kano kuma ta sami tata dokar kare yara cikin watan Mayu 2023, lokacin da Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa mata hannu. A Asibitin Murtala, nan kusa da Ƙofar Mata, an buɗe cibiyar Waraka musamman don kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Akwai Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Akwai Ma'aikatar Harkokin Mata, da Hukumar Hisba, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da na hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda gajeriyar lambarta ita ce 627. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, wadda ake kira kyauta. A Legas kuwa wata ƙungiya mai suna Cece Yara, wadda aka kafa cikin 2016, ta buɗe layi na kyauta don yara.

Amma ku yi wannan gwaji yau da daddare. Ku tambayi 'yarku, "In wani ya cuce ki, ko ya cuci ƙawarki, wace lamba za ki kira?" In ta yi shiru tana kallonku, to duk ofisoshin nan da muka lissafa ba su iso gidanku ba tukuna. Wayar hannu ta shigo ƙasar nan tun 2001, yaranmu sun haddace lambar mai cajin waya da ta mai adaidaita, ya kamata su haddace wadda za ta cece su.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kano da ta tsaya a kan lamba ɗaya tak, gajeriya, ta kyauta, wadda za a amsa da Hausa dare da rana, a kuma sa mata da yawa cikin masu amsawa, domin akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. A rubuta lambar a bangon kowace makarantar boko da ta Islamiyya, a bayan littattafan rubutu, a ɗakin awon ciki, a riƙa faɗinta a rediyo kullum. Muna kuma jan kunne: lamba ba mutane a bayanta ta fi rashinta muni. Yaron da ya yi ta maza ya buga aka ƙi ɗauka, ko aka ɗauka aka ce ya zo ofis ran Litinin, ba zai sake bugawa ba har abada. Sai an tanadi mota, da ma'aikata masu albashi, da wurin da za a ajiye yaro ya kwana cikin aminci, sa'an nan a sa masu unguwanni da limamai a ciki, don su ne suka san kowane lungu. A kuma tuna da almajiri da 'yar aiki, waɗanda ba su da waya, ba su da uwa a kusa. Su hanyarsu ita ce wayar uwar ɗaki ko ta maƙwabciya, watau tamu.

Abin da ya rage gare mu

Kafin gwamnati ta motsa, layin farko yana cikin gida, kuma ke ce, uwa. In yaro ya zo miki da magana, ajiye muciya ki saurara. Kada ki fara da duka ko zagi, kada ki ce ƙarya yake don wanda ya ambata babban mutum ne. Ki lura da alamu: yarinya mai fara'a ta koma shiru, ta ƙi zuwa wani gida da ta saba zuwa, ta dawo daga talla da kuɗin da ya fi na kayan, ko yaro ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. In tallan ya zama tilas, kada ya kai magariba, kada ta tafi ita kaɗai, kuma ki gaya mata ƙarara cewa ba a shiga soro ko ɗakin kowa kai kaya, mai saye ya fito waje. Ki tabbatar mata cewa in ta dawo da kaya ba a saya ba, ba za ki dake ta ba, domin tsoron dukan uwa ya jefa yara da yawa hannun mugu.

In kuwa abin ya riga ya faru, Allah ya kiyaye, a garzaya asibiti nan da nan, kada a yi wanka, kada a wanke tufafin. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani. Kwana ukun da za a ɓata ana taron dangi, su ne kwanakin da likita yake buƙata.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe wannan. Jikinku amana ne, babu wanda yake da ikon taɓa ku ta hanyar da ba ta dace ba, ko malami ne, ko ɗan'uwa, ko mai ba ku kyauta. Duk wanda ya ce, "Kada ki faɗa wa kowa, in kin faɗa zan kashe ki," shi ne yake tsoro, shi ya sa yake ba ku tsoro. Laifin nasa ne, ba naku ba. Ku faɗa wa uwa, in kun ji nauyi ku faɗa wa yaya, ko goggo, ko malama. In ta farko ba ta yarda ba, ku faɗa wa ta biyu, kada ku gaji. In ƙawarku ce ta ba ku sirri irin wannan, riƙe shi ba amana ba ce. Ku raka ta wurin babba. Kuma kada ku mai da lambar gaggawa abin wasa, gama lokacin da kuke tsokana wata tana can tana neman layi.

'Yan'uwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A gidan suna, da wurin adashi, da makarantar dare, mu tayar da wannan magana, mu rubuta lambobin nan mu liƙa a bango, shugabannin ƙungiyoyinmu kuma su kai kukan gaban hukuma. Yaran nan sun daɗe suna kai saƙonmu cikin rana da ruwa, ba su taɓa cewa sun gaji ba. Ranar da suka zo da nasu, kada su tarar da ƙofa a rufe.

Allah ya raya mana zuriya, ya tsare su daga sharrin na gida da na waje, amin. Sai mun sake saduwa.